Amsa: yadda za a ba kowane rukuni kalarsa da fasalinsa a WordPress

Malam, ka ce kana so sunan rukuni da ke fitowa a kan kowane labari, Siyasa ko Wasanni ko Kannywood, ya zo da kalarsa daban, kuma duk gyaran da ka yi yana ɓacewa idan ka sabunta jigon shafin, wato theme ɗin da ke tsara fasalinsa. Na sha fama da wannan a shafukan labarai da nake kula da su.

Ɓacewar gyaran ba ta da wani sirri. Kana taɓa fayilolin uwar jigo ne, sabuntawa kuwa share su take yi ta zuba sababbi. Buɗe ɗan jigo (child theme), wato ƙaramin jigo mai gadon komai daga uwar jigo, ka sa layin Template a cikin style.css ɗinsa da sunan folda ɗin uwar jigon, duk aikinka ya koma can.

Maganar kala ita ce mai ɗan wuya. Umarnin the_category() yana fito da sunayen rukunai ne tsirara, babu abin da ya bambanta Siyasa da Wasanni, don haka CSS, harshen da ake ba shafi kala da fasali da shi, ba shi da inda zai kama cikin sauƙi. Wasu kan dogara da post_class(), wanda ke liƙa category-wasanni a jikin labarin. Yana aiki, har ranar da editanka ya jefa labari ɗaya a rukuni biyu, sai ka ga sunayen biyu sun fito da kala ɗaya. Ni na fi son get_the_category(): ka bi rukunan ɗaya bayan ɗaya, ka gina mahaɗin kowanne da hannunka, ka sa masa slug ɗinsa, wato gajeren sunan rukunin da ke fitowa a adireshi, a matsayin class, lakabin da CSS ke kamawa. Layi kaɗan ne, kuma ka huta.

To a nan ne haruffanmu masu lanƙwasa ke yi mana tsiya. Ka buɗe rukuni mai suna Ƙasashen Waje ka bar WordPress ya zaɓa masa slug, zai mayar da ƙ ɗin %c6%99, wajen yin class kuma ya zubar da ita gaba ɗaya. Kai kana ta rubuta CSS, shi kuwa abin da ya fitar category-asashen-waje ne. Sunan ka bar shi da ƙ ɗinsa don mai karatu, amma slug ka rubuta kasashen-waje da kanka.

Idan kuma shafin rukunin ne baki ɗaya kake son canzawa, WordPress kan fara neman category-wasanni.php, sai mai lambar rukunin, sai category.php, sai archive.php, ƙarshe index.php. Kwafi archive.php zuwa ɗan jigon, ka sake masa suna. Sai dai ka duba irin jigonka tukuna: jigogi masu tubala (block themes) da suka zo tun WordPress 5.9 a 2022, irin su Twenty Twenty-Two, da fayilolin HTML suke aiki, a editan shafi ake gyara su.

Faɗa mana sunan jigon da kake amfani da shi, sai in turo maka layukan.