Wa ke auna teku, kuma me ya haɗa shi da daminarmu?

Wa alaikumus salam. Malam, ka tambaya me ya sa masu hasashen damina ke yawan ambaton zafin ruwan teku alhali gonarka a Daura take, kuma wa ke shiga tsakiyar teku yana aunawa. Aikin auna yanayi na yi har na yi ritaya, ga abin da na sani.

Iskar da ke kawo mana hadari daga Tekun Atlantika take tasowa, ta Mashigin Gini. Daga Mayu zuwa Yuli ruwan saman teku a can yakan yi sanyi, ƙasar Sahel kuwa tana ƙuna, wannan bambanci ne ke tunkuɗo damina arewa. Shekarar da tekun ya ƙi hucewa, sau da yawa ruwa yakan maƙale a Legas da Akra, mu a bar mu da kallon sama.

Aunawar kuwa ta fi ƙarfin ƙasa ɗaya. Tun 1997 Brazil da Faransa da Amurka suka haɗa hannu a shirin PIRATA: na'urori kusan 18 da ke bisa ruwa, an ɗaure kowace da doguwar igiya har ƙasan teku. Kowace ƙasa da yankinta, Faransa ce ke tura jirgi duk shekara ya gyara na ɓangarenmu. Sai na shirin Argo, kusan 4,000 a duk tekunan duniya, su ba a ɗaure suke ba. Kowace takan nutse mita 2,000, ta taso duk kwana 10 ta aika bayanin zafi da gishirin ruwa ta tauraron ɗan'adam. Kyauta ne, kowa na iya ɗauka a intanet.

A taron hasashen da cibiyoyin nazarin yanayi na AGRHYMET da ACMAD ke haɗawa kafin damina, duk biyun a Yamai hedikwatarsu take, ba wanda ke buɗe baki kan gero ko dawa sai an haska taswirar teku a bango, nan ja alamar zafi, can shuɗi alamar sanyi. A kanta ɗan Nijar da ɗan Mali da ɗan Najeriya za su yi ta musu har la'asar.

Abin da ya fi ba mu ciwon kai masunta ne. Kifi na son taruwa ƙarƙashin na'urar PIRATA da ke ɗaure, sai jirage su ɗaure a jikinta, su karya ma'aunin iska. Kana duba kwamfuta sai ka ga layin bayanai ya yanke, shi ke nan, sai wata da watanni kafin jirgin gyara ya zagayo.

Gaskiya, mu a Afirka ta Yamma ci muke yi ba mu kawo cefane ba. Najeriya na da cibiyar binciken teku a Legas tun 1975, a ganina ya kamata a ce tuni ƙasashen gaɓar nan sun ɗauki nauyin ko da na'ura biyu.

Kai kuma Malam, teku yakan nuna yadda damina za ta kasance a dunƙule ne, ba ranar shuka ba. Kada ka zuba irinka duka a ruwan farko, jira sanarwar da NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ke fitarwa kan ƙaramar hukumarku.