Dashen haƙorin gaba a ranar da aka cire shi, yana daɗewa kuwa?

Tambaya: Salam likita. Ni manomi ne daga wani ƙauye kusa da Ringim, shekarata 29. Na faɗi a mashin ranar kasuwa, haƙorina na gaba na sama ya karye har cikin dasashi. Na je Kano an ce sai an cire, wai kuma za a iya dasa min wani a ranar. Kuɗin ba kaɗan ba ne, sai na sayar da raguna, shi ya sa nake tambaya, abin nan yana kai shekaru ko bayan kwana biyu zai fita?

Amsa: Wa'alaikumus salam malam, sannu, Allah ya kiyaye gaba. Toh gaskiya ƙarfen kansa ba shi ne abin tsoro ba. Ɗan ƙarfe ne na taitaniyam mai kama da noti, ana ɗaura shi a cikin ƙashin muƙamuƙi, ƙashin ya kama shi cikin wata 3 zuwa 6. Mutumin da aka fara yi wa a Suwidin a 1965 ya yi shekara 40 da nashi a baki har ya rasu. Wanda ake dasawa a ranar cirewa ma sama da 90 cikin 100 suna nan daram bayan shekaru, duk da dai sun ɗan fi faɗuwa kaɗan a kan wanda aka bari wurin ya warke tukuna, kuma yawanci in zai faɗi a watannin farko yake yi.

Inda maganar take shi ne dasashi. Ka sa yatsa a saman haƙorinka na gaba ka shafa, wannan ɗan tudun da kake ji ƙashi ne siriri sosai, a wurin yawancin mutane kaurinsa bai kai milimita 1 ba, kamar ɓawon ƙwai. Da an cire haƙori yake fara motsewa kuma sa ƙarfe a ranar ba ya hana shi, sai dasashin ya bi shi ya ja sama, shi ne za ka ga bayan wasu shekaru haƙorin yana nan ƙam ba ya ko motsi amma ya fi ɗan uwansa tsawo, ko wani duhu-duhu na leƙowa a gindinsa in mutum ya yi dariya. A haƙorin turmi wa zai gani, amma a gaba ai ko yaro zai lura. Shi ya sa muke cusa garin ƙashi a tsakanin ƙarfen da wancan siririn ƙashin, kuma muke matsar da ƙarfen ta wajen ganɗa.

Kai kuma faɗuwa ka yi, zai iya yiwuwa wancan siririn ƙashin ya tsage. Kar ka yarda a taɓa ka sai an yi hoton ƙashi, irin wanda ke nuna kaurin ƙashin, ba hoton haƙori na yau da kullum ba. In ƙashin lafiya lau yake kuma babu mugunya, bismillah. In ya fashe, ni dai da ƙanina ne cewa zan yi a cire a gyara wurin, ya sa na roba na wucin gadi, bayan wata biyu zuwa huɗu a dasa. Giɓin ɗan lokaci ba abin kunya ba ne.

Shekarunka sun yi, yara ƴan ƙasa da 18 ne muke dakatarwa don muƙamuƙinsu na girma shi kuma dashe ba ya matsawa. In kana shan sigari ko kana da ciwon suga da bai daidaita ba ka faɗa wa likitan tun farko, su ne ke cinye ƙashin da ke riƙe da ƙarfen.

Kan haƙorin da za a ɗora maka a bisa ƙarfen a ranar na ado ne kawai. Ban da rake, ban da gasasshiyar masara, goro ma ka yanka da wuƙa ka tura turmi har sai an sa na dindindin. Buroshi safe da dare, asuwaki ba laifi in dai a hankali. Sannan kafin ka kai ragunan kasuwa ka tambaya ko kuɗin ya haɗa da garin ƙashi da kan na biyu, ka kuma lissafa kuɗin motar Ringim zuwa Kano, don zuwa ɗaya ba ya gama aikin, kuma kan kansa yakan nemi canji bayan shekara 10 zuwa 15.