Amsa ga mai tambaya kan RX-8 da ke gardamar tashi idan ta yi zafi

Malam, na karanta tambayarka har ƙarshe, kuma tun daga inda ka ce motar tana tashi nan take da safe amma tana ɗan jinkiri idan an kashe ta da zafi gabana ya faɗi, domin da wannan "ɗan jinkirin" aka sayar mini da tawa. Ka ce Mazda RX-8 ce ƙirar 2005 mai giya shida ta hannu, fenti lafiya, kujeru lafiya, mai ita ya ce batir ne kawai ya yi sanyi, kuma kana so ka san ko ka saya da abin da riƙonta zai buƙata. Kada ka ba da ko kafin alƙalami sai an yi wa injin gwajin matsi a gabanka, yana da zafi, da na'urar da aka yi musamman don injin rotari, wato irin injin wannan motar, wanda ba shi da fistin sai rota biyu, ƙarafa masu kusurwa uku da ke juyawa suna matse iska. Idan mai motar ya fara kawo uzuri a kan wannan gwajin, to uzurin nasa ya ishe ka amsa.

A motar fistin mun saba jin tsoron mai sayarwar da ya ɗuma inji kafin mai saye ya iso. A wannan motar abin ya juya, wanda ya kamata ka ji tsoro shi ne wanda zai nuna maka ita da sanyi, sannan ya ƙi kashe ta bayan ta yi zafi. Idan siraran ƙarafan nan da ke bakin kusurwoyin rota sun cinye, ko bangon da suke gogawa ya ƙarje, injin yakan iya riƙe matsi daidai gwargwado yana sanyi, amma da zarar ƙarfe ya ɗauki zafi ya buɗe sai matsin ya zube, sitata ta yi ta juyawa a banza.

Wanda ya sayar mini ya san wannan sarai. Da na isa sai ya kama hannuna ya ɗora a kan bonet don in ji sanyinsa, ya ce in shaida bai taɓa ta ba tun jiya, ya murza makulli sau ɗaya ta tashi. Ya nuna mini sabon batir da sabuwar sitata tana ƙyalli a ƙarƙashi, yana lissafa su cikin alherin da ya yi wa motar. Muka zaga muka dawo, kuma duk tsawon cinikin motar tana kunne a gefenmu, da na ce a kashe ta sai ya ce ai rotari ba ya son a riƙa kashe shi ana kunnawa. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har yau, domin ya ɗauki gaskiya ne ya yanke ta biyu: da sanyi ne ba a son a kashe injin nan, ba da zafi ba, kuma shi ya fi ni sanin haka. Sabuwar sitatar ma don tana juya injin da sauri ne ya sa ta, saboda saurin juyawa yana ɓoye raunin matsi na ɗan lokaci.

Ba a yi nisa ba asiri ya tonu, kuma a gidan mai ya tonu, wurin da dole ka kashe inji yana da zafi. Na sha mai, na murza makulli, sai na ji sitatar tana gudu sumul babu wannan bugun da ake ji idan rota tana matse iska. Na sake murzawa, na taka totur har ƙasa ko mai ne ya yi mata yawa, shiru. Layin motoci a bayana ana ta danna oda, ƙaramin ɗana yana kujerar baya yana tambayata ko motar ta mutu ne, ma'aikacin wurin yana cewa in kau da ita na tare hanya. Mutanen da suke ta kallon jar motar nan da ƙofofinta na baya masu buɗewa ta baya su ne suka tura ni gefe, wani yana dariya yana cewa motar tsere ce ake turawa. Na zauna a cikinta gumi yana zuba, ba ni da abin yi sai jiran ƙarfe ya huce, kuma da ya huce ta tashi kamar babu abin da ya faru. Wannan tashin ya fi mutuwar ciwo, domin a nan na tabbatar da abin da na saya.

Da na kira shi, da farko ya rantse bai taɓa ganin ta yi haka ba. Kira na gaba ya ce ni ne ban iya tuƙa irin wannan mota ba, wai na lalata ta da tafiyar hawainiya. Daga nan ya daina ɗaukar waya. Da ya tsaya a nan da na ce wataƙila shi ma bai sani ba, amma wata rana ina share but na ɗaga shimfiɗar ƙasa sai ga takarda a ninke, ta ɗan sha mai a gefe, sakamakon gwajin matsi ne da aka yi watanni kafin ya sayar mini, da lambar jikin motar a sama, kuma duka fuskoki uku na rotar baya suna ƙasa da mafi ƙarancin abin da kamfani ya yarda da shi. Ya kai ta an auna, an gaya masa injin ya ƙare, sai ya je ya sayo batir da sitata, ya wanke mota, ya zauna yana jiran wanda zai zo. Mutumin da ya dubi idona ya ce don yaransa sun yi yawa ne yake rabuwa da ita. Na aika masa hoton takardar, ya gani, bai ce uffan ba. Ban taɓa jin haushin motar ba, ita inji ce da aka ƙi kula da shi har ya gaji, haushina yana kan wanda ya san ciwon ya rufe shi da fenti.

Kuma ka kula da wanda zai yi maka gwajin, domin a nan na sha wahala ta biyu. Makanikin farko da ya duba ta ya ɗaura ma'aunin motar fistin, ya ce matsi lafiya lau, ya canja famfon mai, ya wanke nozul, ya karɓi kuɗinsa, matsalar tana nan. Wancan ma'aunin yana riƙe adadi mafi girma ne kawai, wato fuskar da ta fi lafiya ita yake nuna maka, sauran biyun ko sun mutu ba za ka sani ba. Gwajin gaskiya yana ba da alƙaluma shida, uku ga kowace rota, tare da saurin juyawar injin a lokacin, sannan a daidaita su a kan juyi 250 a minti ɗaya. Littafin gyara na Mazda ya sa kilofaskal (ma'aunin ƙarfin matsi) 830 a matsayin daidai, 680 kuma mafi ƙaranci, kuma bai yarda tazarar da ke tsakanin fuskokin rota ɗaya ta wuce 150 ba, ko tsakanin rotocin biyu ta wuce 100. Duk wanda ya ba ka adadi ɗaya tak ya ce shi ne matsin injin motar, bai auna komai ba.

Ba na cewa lalle injin wadda ka gani ya mutu. Batir mai rauni, tsohuwar sitata irin ta shekarun farko wadda ba ta da sauri, ko koyil masu ba fulogi wuta da suka gaji, kowannensu yana iya kawo gardamar tashi, kuma gyaransu ba wani abu ba ne. Sai dai koyil ɗin nan da ake rainawa su ne mafarin mutuwar injuna da yawa. Guda huɗu ne, fulogi huɗu, biyu ga kowace rota, kuma idan wuta ta yi rauni man da bai ƙone ba yana bi ta salansa ya je ya ƙone a cikin katalis, wato matatar hayaƙi, har ta narke ta toshe, zafin ya dawo kan injin. Shi ya sa masu motar da yawa suke canja koyil da fulogi da wayoyinsu wajen kowane kilomita 50,000 ba tare da jiran su nuna alama ba. Ka tambaye shi rasit na canjin ƙarshe. Ka kuma je da 'yar na'urar karanta kwamfutar mota ka jona. Idan ka ga P0420 katalis ce take kuka, idan kuwa babu lamba ko ɗaya amma gwaje-gwajen cikin kwamfutar suna nuna ba su kammala ba, to an goge ne kwanan nan, kuma sai ka tambayi dalili.

Game da riƙo, abin da ba zan gaji da faɗa ba shi ne baƙin mai. Injin nan an yi shi ne ya riƙa shan baƙin mai da gangan, akwai famfon da ke ɗiga shi cikin ɗakin ƙonewa don ƙarafan su samu santsi, saboda haka raguwarsa ba ciwo ba ne, barinsa ya ragu shi ne ciwon. Ana so a zaro sandar awo a duba duk bayan shan fetur biyu, kuma galan ɗin mai ba ya barin but ɗina. Idan mai motar ya yi maka alfahari cewa tasa ba ta shan mai ko kaɗan, wannan ba yabo ba ne. Ƙirar 2009 zuwa 2012 an ƙara mata bututun ɗiga mai na uku a kowace rota, wadda kake nema ba ta da shi, shi ya sa wasu suke zuba ɗan man inji mai bugu biyu a cikin tankin fetur. Ni ina zubawa, wasu a cikinmu masu wannan mota suna ganin yana rage wa katalis kwana, kuma ba zan ce ba su da hujja ba.

Kada ka tayar da ita da sanyi don kawai ka matsar da ita ka kashe, fulogogi za su jiƙe da fetur ta ƙi tashi. Ka gaya wa duk wanda zai taɓa makullinka, har mai wankin mota. Idan hakan ta faru, ka danne totur har ƙasa kana murza makulli, wannan yana yanke mai har ɗakin ya bushe. Kuma idan ta yi zafi ka bar ta ta yi ihu, domin ƙofofin fitar hayaƙin wannan injin a gefe suke, kuma tafiyar sanɗa kullum tana tara masa baƙin gawayi. Ranar da na fara kai allura kusa da 9,000 bayan an sake haɗa injin, ƙararrawar nan ta canja giya ta yi ƙara a kunnena, motar tana ja sumul babu karkarwa ko kaɗan, a ranar ne na huce da kuɗin da na kashe. Inji mai lita 1.3 kacal, amma ka sani fetur ɗin da yake sha ba na ƙaramar mota ba ne.

Zafin da ya wuce kima kuwa sau ɗaya ya isa ya kashe injin, saboda robobin da ke raba ruwa da ɗakin ƙonewa ba sa yafiya, kuma allurar zafi ta dashbod ba ta motsawa sai abu ya yi nisa. Mota mai waɗannan shekaru, lagireto da tiyo da murfin tankin ruwa duk na ɗauke su a matsayin abin canjawa tun ranar farko. Ka duba farin hayaƙi mai ƙamshin zaƙi da safe, ka duba ko ruwa yana raguwa ba tare da ɗiga a ƙasa ba. Idan sitiyari ya yi nauyi lokaci-lokaci, kafin a ce maka a canja shi gaba ɗaya a duba mahaɗar wayoyinsa da ke kusa da tankin ruwa, ambaliyar ruwan takan sa ta yi tsatsa.

Fenti mai kyau da ka ambata ma bai kwantar mini da hankali ba. Ka sa a ɗaga ta sama ka shiga ƙarƙashi da fitila, ka danna ƙarfen da ke ƙasan ƙofofi da bakin tayoyin baya da yatsa, ka bi bututun da ke kai baƙin mai wurin sanyaya shi a gaba, musamman idan ta zauna a ƙasar da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Inji ana sake haɗa shi, amma jikin da tsatsa ta ci ba ya dawowa yadda yake. Tayoyi kuma ka karanta lambobi huɗun da ke gefensu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, domin tsohuwar taya mai sauran zane a motar da ke ja da ƙafar baya tana iya juya ka a kwana ranar ruwan sama.

Idan ita kaɗai za ta zama motarka ta zuwa aiki da kai iyali asibiti, ko kuma kuɗin da ke hannunka iyakarsa na sayen ne, ina roƙonka ka haƙura ka nemi Mazda MX-5, wadda injinta na fistin ne kuma kowane makaniki nagari zai iya da shi. RX-8 kuwa tana son mutumin da ya ajiye kuɗin sake haɗa inji a gefe tun kafin ya karɓi makulli, kuma ya riga ya san inda mai gyaran rotari yake, domin ba kowane gareji ne yake taɓa su ba, ni sai da tawa ta daɗe a kan jak kafin na samu wanda na amince da shi. Ka koma wurin mai motar, ku yi tafiya har fankar lagireto ta tashi, ka kashe ta da hannunka, ka jira kamar tsawon shan mai, sannan ka murza da kanka kana sauraron sitata. Idan ya yarda da gwajin, ka kawo mana alƙaluman shidan tare da saurin juyawar da aka auna su a kai, mu duba tare kafin ku yi maganar kuɗi.