Hoton da ke jikin kwali bai yi miki alkawarin komai ba

Wani matashi daga Zariya ya rubuto: "Malam, na ga caja da tutar Amurka a kwalinta. Ta fi ta Caina ƙarko?"

Ɗan samari, juya kwalin ka karanta inda aka ƙera ta. Buga tuta bai fi buga katin biki wuya ba.

Wata uwa daga Katsina kuma ta ce: "Ina saya wa yarana zuma mai rubutun Larabci da hoton bishiyar dabino. Kuɗinta ya ninka na ta kasuwa. Yanzu hankalina ya tashi, ko cutata ake yi?"

Hajiya, kwantar da hankalinki, ba ke kaɗai ba ce. Amma ki bar ni in ɗan ja magana, domin abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Akwai ilimi guda na nazarin alamomi, yadda hoto da launi ke isar da saƙo ba tare da an furta ba. A 1964 masanin Faransa Roland Barthes ya ɗauki tallan taliyar Panzani ya feɗe shi: ragar cefane a buɗe, tumatir da albasa da tattasai na leƙowa, launuka ja da kore da rawaya. Kamfanin na Faransa ne, amma duk wanda ya kalla sai ya ji ƙamshin Italiya, ya kuma ɗauka yanzu aka dawo daga kasuwa. Babu inda tallan ya rubuta cewa daga kasuwa aka dawo. Mai kallo ne ya ƙarasa zancen da kansa.

To haka zumarki take. Rubutun Larabci yana tuna mana da Makka da tsarabar alhazai, sai zuciya ta ce ai wannan ba za a yi algus a ciki ba. Mai kwalbar bai rantse miki ba, ke kika rantse masa. Haka ganyen kore a jikin man bilicin yake raɗa wa 'yan mata cewa na gargajiya ne, alhali abin da ke ciki zai iya ƙona fata. Haka mutumin da ke sanye da farar rigar likita a tallan maganin basir. Wa ya taɓa ganin takardar shaidarsa? Rigar nan tela ne ya ɗinka ta.

Abin da ake iya kama mai kaya da shi shi ne abin da ya rubuta: lambar NAFDAC, sunan kamfani da adireshinsa, ranar lalacewa. Su ma ana buga na jabu, kada ki saki jiki. Idan kina da mai zuma da kika sani, wanda za ki iya komawa ki tsare shi gobe, na fi yarda da shi a kan kwalba mai ado.

Wani kuma yana tambaya ko shan lemon da ɗan ƙwallo ke tallatawa yana ƙara ƙarfi. Kuɗi aka biya shi ya riƙe kwalbar. Sikari ne da ruwa.