Amsa: Shiga Hamada da Ƙaramar Jif

Malam, ka ce kana Abuja da RAV4, kana son zuwa tuddan rairayin Yusufari a Yobe, me za ka ƙara wa motar? Fara da taya. Sa masu manyan zane na kowace irin hanya, safaya ma ta zama daidai girman sauran. In ka shiga rairayi, rage iska zuwa PSI 16 ko 18 (PSI ma'aunin iskar taya ne) domin tayar ta baje, amma ban da murɗa sitiyari da ƙarfi, don tana iya zamewa daga rim. Riƙe famfon iska mai aiki da batir, ka mayar da iskar kafin ka hau kwalta.

Motarka ba ta da ƙaramar giyar ja irin ta Hilux, saboda haka man giya kan yi zafi da wuri. Makanikan Apo da ke Abuja za su iya sa maka na'urar sanyaya shi, da farantin ƙarfe a ƙarƙashin injin. Ƙara wa mota tsayi daga ƙasa kuwa, kada ya wuce inci 2, in ba haka ba shaf, wato ƙarfen da ke juya taya, zai riƙa lalacewa.

In ta kafe, ɗaga ƙafa daga totur, ƙara wuta ƙara nutsewa ne. Riƙe shebur, igiyar ja da jarkokin ruwa. Ku tafi mota biyu da ɗan gari, bayan kun bincika yanayin tsaro.