Littafin da ya kusa haɗa mu faɗa a guruf ɗin karatu: labari ne ko sambatu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna da ɗan guruf na karatu mu tara, duk wata littafi ɗaya muke ɗauka. Wannan karon ƙawarmu da ta karanci Ingilishi ta kawo mana By Grand Central Station I Sat Down and Wept na Elizabeth Smart, ɗan siriri ne har muna murna kwana biyu mun gama. Wallahi ranar tattaunawa saura ƙiris a yi baran-baran. Mutum biyar suka ce ba labari a ciki, sambatun matar da ta liƙe wa mijin wata ne kawai, ɗaya ma a feji na ashirin ta ajiye. Ni kuwa da wasu har hawaye muka yi. Mu ne muka cika raunin zuciya ko su ne ba su gane ba? Kuma don me mutum zai rubuta littafi ba sunayen mutanen ciki ba tsari?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ki kwantar da hankalinki, ba a kanku aka fara ba, tun fitowar littafin nan a Landan a 1945 yake raba kan mutane. Kwafi 2,000 aka buga, bai yi wata kasuwa ba, mahaifiyar marubuciyar ma da kanta ta bi kwafin da suka shiga Kanada tana saye tana ƙonawa don kunya. Sai da aka sake buga shi a 1966 sannan aka fara yi masa kallon babban aiki. To kin ga idan uwar da ta haife ta ta kasa haɗiye shi, ƙawarki da ta tsaya a feji na ashirin ba ta yi wani abin mamaki ba.

Salon da ya dame su sunansa a Turance "stream of consciousness", wato kwararar tunani, mu dai zancen zuci ko saƙar zuci za mu ce. Masanin halayyar ɗan adam William James ne ya yaɗa kalmar a littafinsa na 1890, a 1918 kuma marubuciya May Sinclair ta ɗauko ta ta ɗora wa rubutun wata marubuciya Dorothy Richardson, daga nan ta zauna a adabi. James Joyce ya kai abin ƙarshe a littafinsa Ulysses na 1922, babin ƙarshe gaba ɗaya tunanin wata mata ne tana kwance a gado, kusan ba aya ba waƙafi. Na Smart ya fi karkata ga waƙa fiye da na Joyce amma gidansu ɗaya: an rufe ki a cikin kan mutum ɗaya, an jefar da makullin.

Ki tuna daren da aka taɓa ɓata miki rai kika farka ƙarfe biyu. Ai tunaninki bai fara da "sunana wance, an haife ni a gari kaza" ba. Kin jawo waya kin buɗe tsohon saƙo, daga nan ƙamshin turarensa ya faɗo miki, daga turare sai maganar da Umma ta taɓa yi miki a kicin, sai ki tuna ba ki jiƙa wake ba, sai ki sake komawa kan saƙon nan dai da kin karanta sau goma kina neman ma'anar da babu ita. Wannan juyin shi marubuciyar take so ta kama a takarda, kuma wanda ke cikin wannan hali ba ya kiran sunan masoyinsa a zuci, "shi" kawai yake cewa don a duniyarsa babu wani shi. Dalilin rashin sunayen ke nan.

Mu kuma da me muka saba? Littattafanmu na soyayya kafin ki yi nisa an tsaya an ce miki "asalin labarin", an jero kaka da kakanni, an nuna miki muguwar kishiya tun da wuri don ki san wa za ki tsana, ƙarshe a ɗaura aure ko mugu ya yi nadama. Ba raini nake yi ba, ni ma da su na koyi son karatu, amma wanda ya zo da wannan ma'aunin dole ya ce an cuce shi.

Sai dai cewa ba labari kam ban yarda ba. Akwai shi, a ƙarƙashi yake. Daga rayuwar marubuciyar aka ɗauko shi: Smart 'yar masu hali ce daga Ottawa, ta ci karo da waƙoƙin George Barker a wani shagon littattafai a Landan ta kamu da son mutumin da ba ta taɓa gani ba, ta haɗa kuɗi ta kawo shi Amurka daga Japan inda yake koyarwa a 1940, shi da matarsa. A nan littafin ya buɗe, tana tsaye a Monterey ta Kalifoniya tana jiran bas, kuma wadda idonta ya fara sauka a kai matar ce. Daga nan soyayya, kamu, ciki, komawa gida a sha tsangwama, shi kuma ya koma wa matarsa. Me ya rage a labari? Abin da babu shi ne mai riƙe miki hannu yana cewa bayan wata uku kaza ya faru.

Ki koma wurin da 'yan sanda suka tare su a iyakar Arizona. A lokacin akwai dokar Mann ta 1910 da ta hana tsallaka da mace daga jiha zuwa jiha don abin da hukuma ta kira fasiƙanci. Ɗan sanda na jefo mata tambaya a bushe, mene ne haɗinki da mutumin nan, kun kwana ɗaki ɗaya, ita kuma zuciyarta na amsawa da baitocin Waƙar Waƙoƙi ta Littafi Mai Tsarki. Harshe biyu a feji ɗaya, kowa bai jin na kowa. Wannan wurin kaɗai ya isa ya nuna ba sambatu take ba, mai sambatu ba ya iya saƙa irin wannan. Sunan littafin ma daga Zabura ta 137 aka juyo shi, inda aka zauna bakin kogunan Babila ana kuka, ita ta mayar da kogin Grand Central, tashar jirgin ƙasa ta New York. Wanda bai san waɗannan nassoshi ba rabin daɗin ya wuce shi, kuma wannan ba laifin ƙawayenki ba ne.

Inda nake ba su gaskiya shi ne maganar matar gida. Mai ba da labarin tana jin nauyinta, tana kwatanta ta da marar laifin da aka yanka, amma ko sau ɗaya ba mu shiga zuciyar matar ba, tausayin ma ya zama wani ado ne a cikin waƙar kishiyarta. Duk matar da aka taɓa yi wa haka za ta karanta ranta na tafasa, kuma tana da hujja. Na san a cikinku akwai wadda ta ce to ya aure ta mana a huta, can kuwa doka ba ta ba da ƙofar mace ta biyu ba, shi ya sa abin ya zama ramin da ba mafita. Wani wurin kuma ni kaina nakan gaji, kwatance kan kwatance har numfashi ya ɗauke, sai na ajiye na sha ruwa.

Abin da na lura shi ne masu kuka da masu tsaki abu ɗaya suka gani, wato macen da ta ƙi jin magana ta ƙi kallon kowa sai mutum ɗaya. Wadda ta taɓa zama a wannan hali ta ga kanta, wadda ta taɓa zaman rarrashin mai irin halin har ta ƙosa ta ga ƙawarta. A zahiri ma Smart ba ta warke da wuri ba, 'ya'ya huɗu ta haifa wa Barker bai taɓa aurenta ba, ita ta riƙe su da aikin rubuta tallace-tallace a Landan.

In za ku sake zama, kar ku ce kowa ya ba da labarin a taƙaice, nan ne faɗan zai dawo. Ku sa mutum ɗaya ta karanta wurin Arizona da ƙarfi, wata ta zama ɗan sandan. Shi ma Barker ya fitar da nasa ɓangaren a 1950, The Dead Seagull, in ƙawayenki biyar ɗin nan suna neman wanda za su juye wa haushin.