'Yata na son karanta wasan waƙa da rawa a jami'ar Amurka, ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a unguwar Bronx ta birnin New York, kuma 'yata tana aji na 11 a sakandare. Tun tana aji na 9 take shiga wasannin dandamali na makarantarsu, irin waɗanda ake haɗa waƙa da rawa da kwaikwayo, yanzu kuma ta ce abin da za ta karanta a jami'a ke nan. Ta kawo mana sunayen makarantu biyar: Michigan, Carnegie Mellon, NYU (Jami'ar New York), Cincinnati da Juilliard. Makinta yana da kyau ƙwarai, don haka mahaifinta yana ganin duk inda ta nema za a ɗauke ta. Ni abin da ke damuna shi ne kuɗi, da yadda za ta riƙe addininta. Lokacin da yayanta ya nemi karatun injiniya takardu kawai muka cike. Me ya kamata mu yi? Daga wata uwa a Bronx.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da ya kamata ku fara fahimta, ke da maigida, shi ne wannan karatun ƙofa biyu gare shi, kuma makin makaranta ɗaya kawai yake buɗewa. Ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'a yana duba sakamakon yarinya da rubutunta da shaidar malamanta, kamar yadda aka yi wa yayanta. Sashen wasan kwaikwayo kuma yana yin nasa gwajin daban, inda za ta tsaya gaban malamai ta rera waƙa, ta yi rawa, ta gabatar da ɗan guntun wasa ita kaɗai. Sau da yawa jami'a takan ba ɗalibi gurbi, sashen ya ce bai ɗauke shi ba, kuma ƙofar gwajin ce ta fi ƙunci nesa ba kusa ba.

Jerin da ta kawo yana buƙatar gyara tun daga tushe. Juilliard tana koyar da wasan kwaikwayo da kiɗa da rawa, kowanne a sashensa, amma ba ta da digiri na wasan da ya haɗa ukun, don haka idan shi yarinyar take nufi sai a cire ta. Sauran huɗun suna cikin waɗanda suka fi wuyar shiga a duk ƙasar. Carnegie Mellon da ke Pittsburgh tana ba da digirin wasan kwaikwayo tun 1914, shirin Cincinnati kuma yana cikin mafi daɗewa a wannan fanni, kuma irin waɗannan sassan sukan ɗauki ɗaliban da ba su wuce 12 zuwa 30 ba a shekara daga cikin masu nema da kan haura 1,000. Wani abin da iyaye ba su cika lura da shi ba shi ne malaman ba jera yara suke yi daga mafi gwaninta zuwa ƙasa ba. Ajin da za su yi wasanni da shi na shekara huɗu suke haɗawa, suna buƙatar muryoyi manya da ƙanana, maza da mata, masu ƙarfi a rawa da masu ƙarfi a waƙa. 'Yan mata kuma sun fi samari yawa a cikin masu nema. Yarinya tana iya yin gwaji mai kyau a bar ta, don kawai an riga an ɗauki mai irin muryarta. Saboda haka babu makarantar da ke yin gwaji da za a ce shigarta tabbas ce, komai ƙanƙantar sunanta.

Shawarata ita ce ta faɗaɗa jerin zuwa makarantu 12 ko 15, ta riƙe biyu ko uku daga cikin manyan, ta ƙara irin su Ithaca, Syracuse da Pace a jiharku, Baldwin Wallace a Ohio, Point Park a Pittsburgh, Elon a North Carolina, da Howard a Washington, wadda aka kafa tun asali don ilimantar da baƙar fata. Ta saka jami'o'in gwamnatin jihar New York da ke Fredonia da Buffalo, waɗanda su ma suna yin gwaji amma kuɗinsu da sauƙi. Sannan, kuma wannan shi ne abin da na fi nacewa a kai, ta saka aƙalla makarantu biyu da ba a yin gwaji kafin shiga, waɗanda ita da kanta za ta yarda ta je da zuciya ɗaya, kamar Hunter College da ke cikin garinku.

Nan ne bambancin digirin BFA, na horon sana'a, da BA, digirin jami'a na gama-gari, yake shigowa. A BFA kusan kashi biyu cikin uku na darussa duk na sana'ar ne, an tsara ranar ɗalibi daga safe zuwa dare, da wuya ya samu damar haɗawa da wani fannin. A BA wasan kwaikwayo yana cin ƙasa da rabin darussa, ɗalibi yana iya haɗa shi da kasuwanci ko koyarwa ko ilimin halayyar ɗan Adam. Masu ɗaukar 'yan wasa a Broadway, cibiyar manyan gidajen wasa ta New York, abin da mutum ya iya a ɗakin gwaji suke dubawa, kuma akwai ƙwararru da yawa da suka fito ta BA, har da waɗanda ba su karanta fannin ba sam.

Lokaci ya fi na yayanta matsewa. Shafin Common App, inda ake cike takarda ɗaya don neman jami'o'i da yawa, yana buɗewa ranar 1 ga Agusta, kuma ya kamata ta gama takardun neman shiga kafin ƙarshen Satumba, domin wasu makarantun ba sa ba da ranar gwaji sai an miƙa takardu. Yawancin manyan sassan suna fara tantancewa ta bidiyo, wanda ake turawa tsakanin Satumba da Disamba, galibi ta shafin Acceptd. Abin da aka saba nema shi ne gajerun waƙoƙi biyu masu bambancin yanayi, kowace minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da jawabin ɗan wasa ɗaya ko biyu daga rubutaccen wasa, da guntun rawa. Makarantu da dama sun amince da sharuɗɗa iri ɗaya don sauƙaƙa wa yara, amma kowace tana iya ƙara nata, don haka sai an karanta shafin kowace a shekarar da ake nema. Wanda ya tsallake wannan matakin ne ake gayyata gwajin ido da ido tsakanin Janairu da farkon Maris. Zamanku a New York ya rage muku nauyi mai yawa, domin a watan Janairu makarantu da dama sukan taru a birnin don gwajin haɗin gwiwa da ake kira Unifieds, kafin su wuce Chicago da Los Angeles a Fabrairu. Iyalan da ke nesa suna biyan jirgi da otal, ku kuwa jirgin ƙasa zai kai ku. Amsoshi sukan fito a Maris, a zaɓi makaranta kafin 1 ga Mayu.

Game da abin da za ta rera ko ta gabatar, ina roƙonku ku bar wannan tsakaninta da malamanta. Waƙar da ta fi daɗi a kunnen uwa ba lallai ta zama wadda ta dace da muryar yarinya da shekarunta ba, kuma masu gwaji sun fi son waƙa mai sauƙi da aka rera da fahimta a kan mai wuya da aka yi ta da kokawa. Inda kuɗinku zai yi amfani shi ne malamin murya, da darasin rawar bale idan ba ta da tushe a ciki, domin rawa ba ta koyuwa a wata biyu, da kuma mai kaɗa fiyano da zai shirya mata takardun kiɗa daidai da muryarta, tunda a ɗakin gwaji baƙon makaɗi ne zai karanta su nan take. Akwai kamfanonin horarwa da ke karɓar dubban daloli don shirya yara. Wasunsu sun san aikinsu, amma kafin ku je can ku zauna da malamin wasan kwaikwayo na makarantarta, wanda ya san ta shekara uku kuma ba zai caje ku ba. Bidiyon ma wayar hannu da bango mai tsabta da haske mai kyau sun wadatar.

Maganar kuɗi a yi ta yanzu, kafin a cike takarda ko ɗaya. Ku zauna ku uku, ku faɗa mata adadin da gidanku zai iya biya a shekara, a lamba, ba a dunƙule ba. Na fi jin tausayin yarinyar da ta samu makarantar da take mafarki a Maris aka ce mata a Afrilu ba za a iya ba, fiye da wadda ba a ɗauka ba. Karatu da masauki a NYU ko Carnegie Mellon sun haura dala 80,000 a shekara kafin a cire tallafi, alhali kuɗin karatu zalla a jami'o'in gwamnati na jiha (SUNY) da na birni (CUNY) ga ɗan jiha kusan dala 7,000 ne, kuma tallafin Excelsior na jihar New York yana iya ɗauke shi ga iyalin da kuɗin shigarsu bai wuce dala 125,000 ba, bisa sharaɗin zama a jihar bayan kammalawa. Doka ta wajabta wa kowace jami'a ta saka manhajar lissafin ainihin abin da iyali za su biya a shafinta, ku gwada ta ga kowace makaranta a jerin. Takardar FAFSA, ta neman tallafin karatu daga gwamnatin tarayya, takan buɗe a farkon Oktoba, wasu makarantu masu zaman kansu kuma suna neman wata takardar bayanin kuɗin iyali mai suna CSS Profile. Kuɗin neman shiga da na gwaji shi ma yana taruwa idan makarantu sun kai 15, amma makarantu da yawa suna yafewa ga masu ƙaramin ƙarfi idan mai ba da shawara na makarantarta ya sa hannu. Bashin gwamnati da ɗalibar shekarar farko za ta iya ci da sunanta dala 5,500 ne, ragowar giɓin a kan iyaye yake faɗawa, kuma bashi ne mai kuɗin ruwa, abin da na san zai tsaya muku a rai. Ko an ajiye wannan gefe, aikin ɗan wasa yana zuwa yana yankewa, kuma wanda ya fito da bashi mai nauyi dole ya kama aikin da zai hana shi zuwa gwaji. Ku kuma guji tsarin Early Decision, wanda yake ɗaure ɗalibi da makaranta ɗaya kafin ya ga tayin sauran.

Batun addini ba zan rufe miki shi da zance mai daɗi ba. A shirin BFA darussan rawa wajibi ne, akan yi su da matsattsun kaya don malami ya ga tsayuwar jiki, akwai rawar namiji da mace, kuma wasanni da yawa suna da soyayya a ciki. Hukuncin wannan na ku ne da malaminku, kuma gara a yanke shi kafin a kashe kuɗi. Abin da zan iya faɗa shi ne makarantu sun bambanta wajen sassauci. Da yawa yanzu suna da tsarin neman amincewar ɗalibi kafin duk wata taɓa jiki a dandamali, wasu kuma suna barin ɗalibi ya ƙi wani matsayi ba tare da an rage masa maki ba. Ita da kanta ta rubuta wa shugaban kowane sashe ta tambayi batun hijabi da kayan rawa da sallar Juma'a, ta ajiye amsar a rubuce. Yadda aka amsa mata zai nuna muku irin zaman da za ta yi a can, kuma BA ya fi ba ta damar zaɓen darussan da ta natsu da su. Ku lura kuma a shekarun nan azumi yana faɗowa cikin lokacin gwaji, yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Maƙogwaron da ya bushe ba ya rera waƙa yadda ya saba, don haka ta nemi ranakun Janairu ko lokutan safe tun ana buɗe rajista.

Ranar gwaji ba a barin iyaye shiga ɗaki, amma makarantu da yawa suna yin zama na musamman da su. A can ki tambayi ko ana sallamar ɗalibai bayan shekara ta biyu idan malamai ba su gamsu ba, ko darasin murya na mutum ɗaya yana cikin kuɗin makaranta ko daban ake biya, wa yake koyar da shi, da kuma ko duk 'yan ajin ƙarshe ne ake kai wa New York su yi wasa gaban dillalan 'yan wasa ko zaɓa ake yi. Idan aka saka ta a jerin masu jira, ta rubuta wa sashen cewa har yanzu tana so, amma ku biya kuɗin kama gurbi a wata makarantar da ta ɗauke ta kafin 1 ga Mayu. Kuɗin ba ya dawowa idan daga baya aka kira ta daga jerin, don haka ku saka shi cikin lissafi tun yanzu.